Jarabar Hannun Zinariya

Ana tsakiyar kiɗa aka fizge kallabin daga kan Zinariya.

Ba iska ba ce. Ta ji yatsun da suka kama shi ta ƙeya, ta ji sanyi ya sauka a fatar kanta.

Ranar bikin cika shekara biyu da samun mulkin kai ce, wanda 'yan lakkwal, wato 'yan makarantar boko, suke kira fet. Dakoro kaf ta hallara a filin gaban biron kumandan, ofishin mai mulkin yankin. Ga 'yan kasuwa, ga makiyayan da suka shigo a kan raƙuma, ga tsofaffi a gindin bango, 'yan mata kuma sun yi da'ira sun sa makaɗa a tsakiya. An yi ruwa da safe, sama ta washe, hasken la'asar ya fito tas.

Shi ya sa babu wanda bai gani ba.

Daga saman kunnenta na hagu har tsakar ka babu gashi, sai fata tana sheƙi, da 'yan tabo ja-ja nan da can. Ɗan abin da ya rage ta dama an ja shi an kwantar don ya rufe wurin, bai kuwa rufe ba.

Mai kalangu ne ya fara sassauta hannu. Sauran makaɗan suka bi shi.

Aisata, wata tsararta, tana tsaye a bayanta da kallabin a hannu, ta dafe ƙirji kamar ita aka yi wa abin. Ta ce awarwaronta ne ya sarƙe, a yi mata aikin gafara. Sannan ta juya wajen ƙawarta, ta rage murya daidai yadda kowa zai ji.

"Ke, ba haka na mutumin nan na Sabon Maci ya soma ba... wanda yatsunsa suka zube?"

'Yan matan da ke kusa suka ja da baya. Ba wadda ta ambaci kuturta a fili, amma Zinariya tana jin kalmar tana yawo daga baki zuwa baki.

Zuciyarta tana ce mata ta dafe kai ta ruga gida. Sai ta hango Jimrau can cikin 'yan kasuwar dabbobi, ya daskare yana kallonta. Jimrau, wanda mutanensa suka kawo kayan neman aurenta tun kafin saukar damina. Jimrau, wanda bai taɓa ganin kanta a buɗe ba.

Ta miƙa hannu.

"Ba ni kayana."

Aisata ta miƙo mata da bakin yatsu, kamar mai riƙe da abin ƙyama.

Zinariya ba ta ɗaura ba. Ta ninke shi a hankali, ta saɓa a kafaɗa, ta bi 'yan da'irar da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kalla da kyau," in ji ta, "don kada gobe wata ta ƙara a kan abin da ta gani."

Ta ratsa taron da kai a buɗe, ana dare mata hanya. Ba ta tsaya ba sai da ta shiga zauren gidan ubanta.

*

Abin ya samo asali tun tana yarinya, shekarar da ƙyanda ta shiga gidan Elhaji Sa'adu, mai fataucin hatsi tsakanin Dakoro da Maraɗi. Ta kwantar da ita, ta kwantar da ƙanenta Cindo, wanda ita ta goya shi. Ita ta tashi, shi bai tashi ba. Tana kwance a ɗaki tana jin kukan mata a tsakar gida, farcenta ya sami ɓawon wani ƙurji a damtse, ta ɓantare shi. Sai ta ji wani abu ya lafa a ƙirjinta.

Ta lalubi wani ɓawon.

Ƙurajen suka warke, hannun bai warke ba. Ya bi damtse, ya bi kafaɗa, in bai sami miki ba ya tone sabo. Daga baya ya hau kai. Yakan nemi gashi ɗaya mai kauri, wanda ya fita dabam da 'yan'uwansa, ya murza shi, ya tsige. In ya fito da ɗan farin saiwarsa sai ta ji daɗi har cikin ƙashi. Daɗin ba ya daɗewa. Kafin ta farga gashi ya taru a cinyarta, kunya ta rufe ta, ta rantse ba ta ƙarawa.

Ta sha rantsewa.

Babu abin da uwarta Hanatu ba ta gwada ba. An ba ta rubutu ta sha har ta gaji. An shafa mata barkono a yatsu, an naɗe mata hannu da tsumma in za ta kwanta, an kai ta wurin wata 'yar bori ba da sanin Elhaji ba. Akwai ranar da Hanatu ta kai mata duka da muciya, sannan ta zauna ta fi ta kuka. Da komai ya ƙi sai aka koma ɓoyewa: riga mai dogon hannu, kallabi har gira, kitso kuma uwa ke yi a ƙuryar ɗaki.

Yadda Aisata ta gano, Allah kaɗai ya sani. Dalilinta kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ɗiyar ƙanen uwar Jimrau ce, tun tana ƙarama ake tsokanarta da matar Jimrau, ita kuma ta riƙe maganar da gaske.

Wanshekare labari ya gama unguwanni. Matan da ke zuwa awon gero a gidan suka ɗauke ƙafa. Maƙwabciyar da ta ari turmi ta aiko da shi, ta ce a ajiye a ƙofa, kada ɗan aike ya karɓi ko tukwici. Hanatu ta ce a tura yarinyar Maraɗi wajen dangi har magana ta mutu. Zinariya ta ce ba ta yi sata ba, ba ta zagi kowa ba, ba inda za ta.

Elhaji Sa'adu bai cika magana ba. Ya daɗe yana kallonta, ya ce ta zauna gidan ubanta.

Bayan azahar aka ce Jimrau yana zaure. Hanatu ta biyo ta da kallabi har bakin ƙofa, Zinariya ta ƙi karɓa.

Ta same shi a bakin tabarma yana tufkar igiya, don shi hannunsa ba ya zama haka nan. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana. Garken gidansu yana Birnin Lalle, shi ke kawo na sayarwa kasuwar Dakoro. A wannan zauren ya fara ganinta, ranar da ya zo sayen dusa ta hana shi ragi.

Ta zauna nesa da shi.

"Ka zo karɓar kayanku? Suna nan yadda kuka kawo su."

Ya ɗaga kai ya dubi wurin sosai, bai kau da ido ba.

"Yana yi miki zafi?"

An tambaye ta mafarin abin, an tambaye ta ko tana mugun mafarki, ko ta taka wani abu a juji. Wannan kam ba wanda ya taɓa tambayarta.

Sai ta kwashe komai ta gaya masa, tun daga Cindo har zuwa barkonon. Ta naɗe hannun riga ta nuna masa damtsenta. Ta ce in tana zaune shiru hannun ke tafiya, in ranta ya ɓaci ya tafi, wani lokaci ma tana cikin dariya.

"Ba ciwo ba ne, ba kuma iska ba ce. Ni ke yi, da hannuna wanga. Abin da ban iya gaya wa Inna... daɗi nike ji. Na san yana ɓata ni, ina komawa."

Jimrau ya miƙa mata bakin igiyar ya ce ta riƙe masa. Ta riƙe, ya ci gaba da tufka. Ya ce gaskiya jiya ya kwana da fushi, amma ba kanta ne ya ba shi haushi ba.

"Abin da ya ci mini rai, tare da mai kalangu na sani."

"Tsoro na ji."

"Jiya kam ban ga tsoro ba. Na ga mace ta ratsa Dakoro, maza na ba ta hanya." Ya ɗan murmusa. "Zinariyata, mu ko a kasuwa ba gashi muke fara dubawa ba."

"Au, saniya ka maida ni?"

Ya rantse ba haka yake nufi ba, ya yi ta neman gyarawa yana ƙara ɓatawa, har dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Sai da ya tafi ta lura, duk tsawon zaman hannunta bai hau kai ba.

*

Uwar Jimrau, Uwale, ita ke riƙe da gidansu na bayan kasuwar dabbobi tun rasuwar mijinta. Gajeriya ce mai faɗa, ba a raba kuncinta da goro, haƙoranta jajur. Ta ce tana da rai ba za a shigo mata da kuturta cikin zuri'a ba, ga Aisata ta gida, lafiyarta lau. Jimrau ya durƙusa ya roƙe ta a je gidan likita a duba. Da aka kawo wa Zinariya saƙon ta ce za ta je, amma sai in tsohuwar za ta zo ta gani da idonta.

Haka suka tafi su uku, ita da uwarta da Uwale.

Abarci, anfirmen garin, wato malamin asibiti, ya duba yatsunta da kunnuwanta da girarta. Ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa tabon da bakin allura, duk inda ya taɓa ta zabura. Ya ce fatar kuturu ba ta jin allura, wannan tana ji. Babu kuturta, babu ƙora, in an ƙyale wurin gashi zai fito. Ya ce ya taɓa ganin irinsa a Yamai, kuma ba shi da allura ko ƙwayar da zai ba ta, don jaraba ce irin ta taba ko caca. Mutum ya san tana cin sa, amma in ta motsa ba ya samun sukuni sai ya yi.

Hanatu ta yi hamdala. Uwale kuwa ta taɓe baki, ta ce ashe ma ba cuta ba ce, sakarci ne. Tunda da hannunta take yi, ta bari mana. Ta gindaya sharaɗi nan take: daga yau har a yanke gero kada ta ƙara taɓa kan. In gashi ya rufe a ɗaura aure, in bai rufe ba a maido kaya.

Hanatu ta yi saurin cewa sun amince.

"Inna," in ji Zinariya, tana fuskantar Uwale, idonta a ƙasa, muryarta kuwa ba ta rawa, "ba zan ɗaukar miki alkawarin da ban san ƙarshensa ba. Amma zan gwada iyakar ƙarfina... in ke ma kin ajiye goro har a yanke gero."

Hanatu ta mintsine ta a cinya. Abarci ya juya ya shiga neman wani abu cikin kwalabensa.

Uwale ta daɗe tana kallon yarinyar. Tunda take ba a taɓa yi mata irin wannan ba.

"Ni za ki gwada? Ni da na binne miji na binne ɗiya, goro zai gagare ni?"

Ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta, ta zube goron a kan taburin anfirme, ta fice.

A hanyar gida Hanatu ta yi ta faɗa, ta ce ta kashe aurenta da bakinta, wace yarinya ce ke gindaya wa suruka sharaɗi. Zinariya ta ce ba rashin kunya ta yi niyya ba. So take tsohuwar ta ɗanɗana, ko na yini ɗaya ne, yadda abin yake.

Ba a jima ba Jimrau ya zo sallama. Damina ta kankama, gonaki sun rufe ko'ina, dole a kora garke arewa inda babu shuka, kuma makiyayinsu ba shi da lafiya. Ya kawo mata damin kaba ya ce ta tufka masa igiyoyin maruƙa kafin ya dawo. Ya ce ya gaya wa uwarsa, cikin ladabi, ko Zinariya ko ya zauna ba aure.

"Kada ka roƙe ta don ni," in ji Zinariya. "Ba na son shiga gidanku da tausayi."

"Da mi kike son shiga?"

"Da ƙafata."

Ya tsaya a bakin zaure kamar mai mantuwa, ya ce ta kula masa da kanta. Da ya ji abin da ya faɗa ya dafe baki, suka yi dariya su duka biyu. Ta bi bayansa da ido har ya sha kwana.

*

Kwanakin farko ba ta san akwai wahala irin tasu ba. Kan ya riƙa kiranta, wurin yana tsuwa kamar tururuwa na yawo ƙarƙashin fata. Ta zauna a kan hannuwanta. Ta karɓi dakan gidan duka. Ta tufka igiya har tafinta ya yi kanta, igiyoyi suka cika kusurwar ɗaki, suka fi ƙarfin maruƙan Birnin Lalle baki ɗaya. Da matan unguwa suka ƙi shigowa awo, ta fitar da kwando da tiya ƙofar gida ta zauna da kanta. Wasu suka wuce suna kau da kai. Wasu da suka ji abin da anfirme ya faɗa suka fara dawowa.

Labarin Uwale ma yana zuwa mata. An ce ciwon kai ya sa ta ɗaure goshi da tsumma, tana hamma tun safe, ta yi faɗa da mai nono, ta yi faɗa da akuya. Daga baya aka ce ta lafa, ta saba.

Gero ya yi ciki, ya fid da kai. A kan Zinariya wani laushin gashi ya fara tsirowa, irin na ɗan tsako. Hanatu ta shafa ta yi kuka. Abin da ba ta sani ba, sabon gashin ya fi tsohon kira. Gajere ne, mai tsini, ko gilmawa yatsa ya yi sai ya ji shi.

Ana nan wata rana da hantsi Aisata ta zo awo. Ta gaishe ta da fara'a kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Tana riƙe da bakin buhu ta ce ai an sami saƙo daga arewa, Jimrau ya aiko wa uban ita Aisata cewa ya gaji da surutun gari, duk wadda uwarsa ta ba shi ya karɓa. Gwaggo Uwale ma ta riga ta saya mata zannuwa. Ta ce ta ga ya kamata ta ji daga bakin 'yar'uwa.

Zinariya ta cika mata tiya har tana zuba.

Da rana ta take, gida ya yi tsit, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta san ƙarya ce. Ta gaya wa kanta ƙarya ce. Amma in gaskiya ce fa? Ta ce bari ta taɓa wurin kawai, ta ji ko ya ƙara tsawo.

Kiran sallar la'asar ne ya dawo da ita.

Cinyarta ta yi baƙi da 'yan gajerun gashi. Yatsunta da jini. Duk abin da ya tsiro tun ranar gidan likita ya tafi, har da ƙari.

Hanatu ta shigo ta gani, ta zube a ƙasa. Da ta gama salati sai ta fara dabara. Ta ce a kwaɓa baƙin tukunya da man shanu a shafa, a ɗaure kai, in an tambaya a ce gashin ne ke da nawa. Yankan gero ya kusa, wa zai tsaya tonawa?

Zinariya ta wanke hannu, ta yi salla, ta ɗauki mayafi.

"Inna, na gaji da ɓuya."

*

Ta sami Uwale a ƙarƙashin rumfa, Aisata na gefenta tana tsince mata wake. Ta yi sallama. Tsohuwar ta amsa da ka kawai, bakinta a rufe.

Zinariya ta durƙusa, ta zame mayafi, ta kwance ɗaurin kanta.

"Inna, na faɗi. Na zo ki gani da idonki kafin a kawo miki labari. Kayanku suna nan, in kin ce a maido za a maido yau. Amma ni ba kuturwa ba ce, ba mahaukaciya ba ce, kuma ɗanki ina son shi. Gobe zan sake gwadawa, da aure ko babu aure."

Aisata ta tafa hannu.

"To, Gwaggo, kin ji da kunnenki!"

Uwale tana kallon jinin da ya bushe a kan yarinyar, kuncinta na dama a ɗan kumbure. Aisata ta daina murmushi.

Sai tsohuwar ta juya gefe ta tofar da abin da ke bakinta.

Ja wur, a kan farin rairayi.

Goro ne.

Da Uwale ta buɗe baki, muryar ba irin wadda aka sani ba ce. Ta ce ko ranar kasuwa ta biyu ba ta kai ba ta koma wa goro. Ta ce akwai safiyar da ta zazzage tasoshinta kaf tana neman busasshen gutsure, da ba ta samu ba ta zauna tana kuka kamar yarinyar goye. Ba yunwa take ji ba, ba ciwo ba, amma duniya duk ta yi mata ƙunci. Aisata ce ta fara kawo mata a gindin ƙwarya, an rufe da faifai. Tun daga ranar kullum tana cewa wannan ne na ƙarshe.

"Ni da furfurata na ɓoye," in ji ta. "Ke kin tako da ƙafarki."

Aisata ta fara cewa don tausayinta ta yi. Uwale ta ɗaga mata hannu. Ta tambayi Zinariya abin da ya tayar mata da jarabar yau, bayan ta daure har gero ya nuna. Zinariya ta faɗi maganar saƙon arewa da zannuwa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Uwale ta juya ta dubi ɗiyar ƙanenta. Ta ce ita ba ta sayi zane ba, ba ta kuma ji wani saƙo ba. Ta ce ta tashi ta tafi gidan ubanta, maganar kallabin ranar fet ma za su yi ta a gabansa. Aisata ta ture faifan waken ta fita, ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba.

"Matso in gani," in ji Uwale.

Zinariya ta matsa. Tsohuwar ta ɗora tafinta a kan fatar, ba tsumma, ba komai. Hannun da ɗumi, da kaushin aiki.

"Haka yake kiranki? Kina cewa a'a, jiki na cewa i?"

"Haka, Inna."

"In kin yi kuma ki tsani kanki?"

Zinariya ta gyaɗa kai. Hawayen da ta hana a filin fet, ta hana a gidan likita, suka ɓalle a cinyar matar da ta ce ba za ta shiga gidanta ba.

"To, Allah ya raba mu da shi, ni da ke," in ji Uwale. "Amma bakin nan naki, ɗiyar Elhaji, sai an rage masa kaifi."

"Shi kam ban yi alkawari ba, Inna."

Tsohuwar ta kai mata dundu a baya, tana dariya tana share ido da bakin zane.

*

Jimrau ya dawo ana tsakiyar yankan gero, ya rame, rana ta ƙara masa baƙi. Tun a rijiyar bakin gari aka tare shi da labarin cewa ɗiyar Elhaji ta kasa cika sharaɗi. Bai bi ta gida ba. Ya ɗaure raƙumi a ƙofar Elhaji Sa'adu da maganarsa a shirye: in uwarsa ta ƙi, zai nemi gafararta, ya ɗauki matarsa su koma Maraɗi, ko dako ne ya yi.

Aka ce ya shigo daga ciki.

Ya tarar da uwarsa zaune a tabarmar Hanatu, kan Zinariya a cinyarta, tana shafa mata man shanu tana yi mata faɗa a kan ta cika motsi. Ya tsaya baki buɗe. Uwale ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce wa Hanatu a gaya wa yaron nan ya daina tsayuwa kamar baƙo, ya je ya ware bijimin biki.

Da suka keɓe a zaure Zinariya ba ta bari ya fara magana ba.

"Ban warke ba. Jiya ma na tsige kaɗan. Wataƙila har in tsufa haka za mu yi ta fama, ni da shi."

"Mu da shi," in ji Jimrau.

"Ba za ka ɗaure mini hannu ba?"

"In kin ce in riƙe, in riƙe. In kin ce in ƙyale, in ƙyale." Ya sunkuyar da kai, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Zinariyata, can arewa ko nono na sha ba na jin garɗinsa."

Ta ce wannan ai laifin shanunsa ne, ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta.

Bayan an gama shigar da amfanin gona aka ɗaura aure. Ranar kitson amarya mai kitso ta zo da dunƙulen baƙin zare, ta ce za ta yi ciko ta tayar da babban kitson doka, ba wanda zai gane. Matan ɗakin suka ce haka ya dace, rana ɗaya ce. Hanatu ta dubi ɗiyarta da idon roƙo.

Zinariya ta ce a kitsa mata nata, iyakar inda ya kai.

Mai kitso ta waiwaya wajen uwar ango ko za ta sa baki. Uwale ta gyara goron da ke kuncinta ta ce a yi yadda amarya ta ce, ita ta riga ta gwada gardama da ita ba ta ji da daɗi ba.

'Yan kitso ne ƙanana, duk ta ɓangaren dama, hagu kuwa sai ɗan sabon tsiro da bai isa kamawa ba. Zinariya ta karɓi madubi ta duba dama, ta duba hagu, ta ce ya yi.

Da su aka kai ta gidan Jimrau.